Tulunan da Turawa Suka Ƙi

Ranar wata Laraba da hantsi aka dawo da akwatunan, muna cikin shan shayi a shago. Akwati biyar ne, kowanne da tulu takwas, koraye masu murfi, irin waɗanda ake jiƙa zaitun ko lemon tsami a ciki. Wata uku kafin nan Baba ya aika da su ga wani ɗan kasuwa a ƙasar Turawa, ya bi tudun magina na Asfi, garinmu na bakin teku, yana cika baki cewa babu mai fitar da kore irin nasa, shi Mu'allim Tahar. To ga koren ya dawo gida, ko ɗaya bai fashe ba, da takarda manne a jikin akwatin farko.

Ni nake karanta takardun shago. Tun da aurena ya mutu na dawo gidanmu aikina ke nan, don kada a ce ina cin burodin banza.

"Batul, me suka ce?" in ji Baba.

"Sun ce sun zuba ruwan khal a cikin tulu uku, suka bar shi kwana guda, sannan suka auna. Dalmar da ta fito ta wuce abin da dokarsu ta yarda da shi nesa ba kusa ba. Sun ce kada a sa abinci a ciki, musamman mai tsami."

Babu wanda ya yi mamaki a shagon. Duk ɗan gidan magina ya san dalma ce uwar sheƙi, ita ke sa ruwan ƙyalli ya narke da wuta kaɗan ya kwanta sumul a jikin yumɓu. Kuma ya san iri biyu ce. Akwai ta buhu, wadda aka narkar tare da yashi a masana'anta har ta zama gilas, aka kwarara a ruwan sanyi ta tarwatse, aka niƙa. Muna ce mata firita. Ita wannan a ɗaure take cikin gilas, tsami ba ya saurin kwance ta. Akwai kuma ɗanya, wadda Baba ke ƙonawa daga tsofaffin baturan mota har ta zama gari. Na ga lokacin da ya haɗa ƙyallin tulunan nan. Ya zuba firita rabi, ya cike da ɗanya. Ya ƙara garin tagulla don koren ya yi duhu, alhali shi da bakinsa ya koya mana cewa tagulla tana sassauta wa dalma ɗauri. Sannan ya kashe tanderu kafin wuta ta gama aikinta, don gas ya yi tsada.

Ya kurɓi shayinsa, ya dubi ƙanena. "Bushayib, kai su gida. Uwarka ta daɗe tana mitar tulu."

Haka al'adar take a duk tudun. Abin da ya karkace, ko ya tsage, ko mai saye ya ƙi, kicin ɗin gida yake zuwa. Magini a tsingaro yake cin abinci, haka muke faɗa, har da alfahari.

Na ce, "Baba, takardar fa ta ce..."

"Takarda tana cin abinci ne? Cikin Bature daban, namu daban. Ninke ta ki ajiye."

Na ninke ta na sa a aljihun rigata.

A lokacin Miluda, matar Bushayib, tana da cikin wata biyu. Na uku ke nan. Biyu sun zube, ɗaya a wata uku, ɗaya a wata huɗu. 'Yar ƙauye ce mai fara'a, mai dariya da dukan bakinta, ba ta yi karatu ba. Tun makon da ta tare aka ɗora mata aikin da ake ɗora wa kowace surukar gidanmu: tankaɗen garin ƙyalli. Wai hannun mace ya fi iya rariya. Kullum bayan ta gama wanke-wanke sai ta hau saman soro da buhu, ta zauna tana tankaɗe tana waƙa, garin yana sauka a girarta da gashin hancinta. Ni ma na yi a gidan tsohon mijina, Inna ma ta yi. Ba mu taɓa kallonsa a matsayin komai ba.

Da Inna ta ga tulunan, sai da ta yi guɗa. Lokacin lemo ne. Ta sayo buhu guda, muka zauna mu uku a tsakar gida muna tsaga su gida huɗu, muna cusa gishiri, muna dannawa a cikin tulu har ruwansu ya taso ya rufe su. Tulu shida muka cika. Ina yi ina jin takardar nan tana sukana a cinya. Na ce, "Inna, da mun sa a kwalaben gilas."

"Ga tulun da ubanki ya yi wa Turawa, ki ce kwalba? Ke dai ba kya rasa abin cewa. Shi ya sa miji ya gaji."

Wannan maganar ita ce makullin bakina a gidan nan, kowa kuma ya san inda take rataye.

Bayan wata guda lemo ya nuna, ya yi laushi, ya yi ƙamshi. Daidai lokacin ne kuma kwaɗayin ciki ya kama Miluda, kuma bai kama komai ba sai tsami. Takan buɗe tulu ta ciro guda ta cinye shi a tsaye, har ta kurɓi ruwan da cokali.

"Yaya Batul, wannan baƙon nawa ɗan Asfi ne na gaske," take cewa tana shafa cikinta. "Bai ga duniya ba ya san daɗin lemo. Saura ya nemi kifi."

Na ce, "Ki dinga ragewa. Yawansa ba kyau."

Inna ta jiyo daga kicin. "Kul! Kar ki hana ta. Mai ciki ta yi kwaɗayin abu ba ta ci ba, ta sosa jikinta, sai tabon abin ya fito wa yaron a wurin. Kina so a haifa mini jika da lemo a goshi? Ci, 'yata, tulu shida ne, duk naki."

Inna ba muguwa ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da hannunta take zaɓo mata mafi laushi, ta sa a faranti ta kai mata har ɗaki.

A wata na huɗu Miluda ta fara cewa bakinta yana ɗanɗanon ƙarfe, kamar ta tsotsi mabuɗi. Sai ciwon kai. Sai kwana uku, huɗu, ba ta zaga ba. Sai murɗar ciki, wadda in ta taso take durƙusar da ita a duk inda take, ta dafe bango tana salati. Waƙar saman soro ta tsaya. Ana jin ƙarar rariya kawai.

"Laulayi ne," in ji Inna. "Ni da cikin Bushayib har ƙasa na kwanta."

"Duk mata haka suke," in ji Bushayib, wanda bai taɓa zama da wata mace ba sai ita.

A cikin watan ne Baba ya ce ya daina sa hannu a tajin ɗin gida, wato abincin da muke dafawa a kaskon yumɓu. Gidan da tun tasowata akushi ɗaya muke kewayewa, sai ga shi ya ce a dinga dafa masa nasa daban a tukunyar ƙarfe, ba lemo, ba zaitun ɗin tulu. Wai gyambon ciki ne ya taso masa. Mutumin da yake cin barkono kamar gyaɗa. Na dube shi, ya dubi burodinsa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ranar da tulu na biyu ya ƙare na ɗauka zan wanke, na leƙa ciki. Daga baki zuwa wuya kore ne mai sheƙi kamar yadda ya fito daga wuta. Daga inda ruwan lemo ya tsaya zuwa gindi kuwa ya dusashe, ya yi fari-fari, ya yi kaushi. Na sa yatsa na goga, sai gari ya biyo. Sheƙin da ya bar jikin tulun na san inda ya tafi.

Na ɗauki tulun na nufi shago. Na tarar da Baba shi kaɗai yana jera faranti.

"Dubi cikinsa, Baba."

Ko kallo bai yi ba. "Na gani."

"Miluda ce ta shanye wannan."

"Kakanki shekara sittin yana niƙa dalma da hannunsa, ya kai tamanin."

"Ya kai tamanin da hannuwa a sake, ana ba shi abinci a baki, yana zagin mutanen da ba kowa ke ganinsu ba. Ina nan ai."

"Tsufa ne wannan." Ya ajiye faranti. "Ke, saurara. In maganar nan ta fita, gobe duk tudun nan za a ce kayan Tahar guba ne. Wa zai sake taka ƙofar shagon nan? Me za ku ci, ke da ita da abin da ke cikinta? Kuma zubar da abinci haramun ne. In waɗannan sun ƙare ba za a sake zubawa ba, shi ke nan."

"To kai me ya sa ka daina ci?"

Sai a lokacin ya dube ni. "Gidan nan ya yi miki ƙanƙanta ne, Batul?"

Na koma gida da tuluna. Abin da na iya yi shi ne na kwashe lemon tulu na uku na juye a kwalba, kamar wannan zai cire abin da ya riga ya shiga ruwan. Washegari na tarar Inna ta mayar da shi, ta ce a kwalba ba ya ƙamshi. Na dinga satar guda biyu-uku ina jefawa a shara. Na karɓi tankaɗen kwana biyu, aka ce takardun shago sun taru. Irin taimakon da na yi ke nan, taimakon matsoraci. Kalma huɗu ce kawai ake bukata, "Miluda, guba kike ci," kuma kullum muna tare a kicin, amma ban faɗa ba.

A wata na shida ta rame, ta yi fari kamar an wanke ta da toka. Mai dariyar nan ta koma mai faɗa, abu kaɗan ta fashe da kuka, ta manta abin da aka aike ta. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baba ya zo da baƙi biyu. Miluda ta ɗauko tiren shayi, tana kaiwa tsakiyar ɗaki sai hannunta na dama ya saki daga wuyan hannu, ya lanƙwashe kamar ganyen da ya kwana a rana. Buta da kofuna suka watse a kan darduma.

"Sidi, ka yafe ni, wallahi ban san ya aka yi ba," take ce wa Baba tana ƙoƙarin tsince gilas da hannun da ya ƙi ɗagawa.

Baba ya dubi hannun. Na ga ya gane shi, don irin hannun ubansa ne. Sai ya juya ga baƙinsa yana murmushi. "Yaran yanzu ke nan, ciki ɗaya sai ka ce su suka fara."

Inna ta ce kambun baka ne, maƙwabta sun ga cikin ya zauna. Ta turara mata hayaƙi, ta ɗaura mata laya, ta kawo mata lemo don ta ji daɗin bakinta.

Ni na matsa wa Bushayib har ya yarda muka kai ta asibitin unguwa. Likitar wata mace ce mai ƙaramin jiki. Ta duba ido, ta ɗaga hannun ta sake shi ya faɗi, sannan ta ce Miluda ta buɗe baki. Ta ɗage leɓen, ta kira mu mu gani. A gindin haƙora akwai wani siririn layi shuɗi-baƙi, kamar an ja da alƙalami.

"Me kake yi, malam?"

"Magini ne ni."

"Tana taɓa ruwan ƙyalli?"

"Ɗan tankaɗe ne kawai."

"A me kuke ajiye abinci?"

Bushayib ya dube ni. Shi ne ya ɗauko akwatunan a kafaɗarsa, yana tsaye aka karanta takardar. Ya ce, "A kwano, kamar kowa."

Likitar ta ɗebi jini. Ta ce kada ta ƙara kusantar garin nan ko da tsayawa ne a inda ake tankaɗe, kada ta ci komai daga tukunya mai sheƙi, kuma a dawo ranar Litinin a karɓi sakamako, don mai yiwuwa sai an kwantar da ita a babban asibiti.

A hanya Miluda ta kama hannuna da hagunta. "Yaya, me take nufi? Garin ne?"

"Garin ne," na ce. Rabin gaskiya na ba ta, na riƙe rabin da ke aljihuna.

Da Baba ya ji, sai ya yi tsaki. "Likitocin nan so suke su rufe tudun gaba ɗaya, kowa ya koma cin abinci a roba. Jinin wa za a auna a garin nan ba a sami dalma ba? In an kwantar da ita, tambaya za a fara, gidan wa, shagon wa." Ya yarda dai ta huta da tankaɗe. Litinin ta zo, aka ce ranar ɗora tanderu ce, Bushayib ba zai samu fita ba. Litinin ta gaba aka ce ai ta ji sauƙi. A mako na uku aka samu odar faranti ɗari biyu na wani otal, sai na ji ƙarar rariya a saman soro. Na hau na tarar da ita ta danne rariyar da gwiwa tana girgizawa da hannun hagu.

"Lalla ta ce na yau ne kawai," ta ce, tana nufin Inna. "Ta ɗaura mini ƙyalle a hanci."

Na karɓe rariyar na gama tankaɗen ina kuka, garin yana mannewa a fuskata. Lemon kuwa tuni na fasa tulu na biyar a kicin na ce santsi ne ya kwashe ni. Amma huɗu sun riga sun ƙare.

Naƙuda ta zo a wata na bakwai, da rana tsaka, tana shanya. Kafin a samu mota ta haihu a ɗakin Inna. Mace ce, ƙarama, da gashi baƙi a kwance. Ba ta yi kuka ba. Ni na wanke ta. Na juya ta gaba da baya, na duba goshi, na duba wuya, na duba tafin ƙafa. Babu tabon lemo ko ɗaya a jikinta, Inna ta kiyaye wannan.

Masu gaisuwa suka zo suka tafi. "Haka Allah ya rubuta," in ji Baba, yana karɓar hannu da fuskar haƙuri. Tun ba a yi bakwai ba na fara jin Inna tana yi wa ƙawayenta raɗa: uku fa ke nan, wata mahaifar ba ta riƙe ɗa, Bushayib kuma yaro ne, ba zai zauna haka ba. Ba a ce saki ba. An ce Miluda ta je ƙauyensu ta huta, hannunta ya warke, tunda yanzu ko burodi ba ta iya murzawa.

Ranar tafiyar, motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Bushayib ya sa jakarta a baya. Sai ga Inna ta fito rungume da tulu na shida, wanda ba a taɓa buɗewa ba, ta ɗaure murfin da tsumma.

"Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Ki kai wa mahaifiyarki. Na ji an ce ƙanwarki ma tana da ciki, za ta so tsami."

Ban san lokacin da na fizge shi ba. Na ɗaga shi na maka a kan dutsen ƙofa. Lemo ya watse a titi, ruwan ya gangara kwata. Maƙwabta suka leƙo. Na ɗauki wani tsingaron gindin, fari fat daga ciki, na zaro takardar da ta yi wata biyar tana bina daga riga zuwa riga, na karanta ta da ƙarfi tun daga kwanan wata har sa hannu. Inna ta dafe ƙirji tana cewa ba ta sani ba, wallahi ba ta sani ba, kuma na yarda da ita. Bushayib ya sunkuyar da kai. Baba ya ce wa mutane, "Ku yi haƙuri, tun da mijinta ya sake ta kanta ba daidai yake ba."

Na ɗauka na yi abin kirki. Har wani sanyi na ji a ƙirjina. Sai na juya na ga Miluda tana kallona daga cikin mota, hannunta na dama kwance a cinyarta. Ba ta dubi Baba ba, ba ta dubi mijinta ba.

"Yaya Batul," ta ce a hankali, "wannan takardar, yaushe ta zo?"

Na ce, "Tare da tulunan."

Ta ƙirga watanni da yatsun hagunta. "Kenan ranar da muke tsaga lemo tana jikinki."

"Tana jikina."

"Ke kika miƙo mini gishiri," ta ce. Ta jawo ƙofar motar da hagu ta rufe.

Ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ji an ce hannun ya ɗan motsa, amma bai koma daidai ba. Ni ma na bar gidan, ina zaune wurin wata gwaggonmu a bakin teku, ina gyaran kifi a masana'antar gwangwani. A tudun magina maganar ta yi kwana uku ta mutu, don kusan kowane kicin a can yana da irin nasa tulun, kowane soro kuma yana da suruka da rariya. An ce min Inna ta fara duba wa Bushayib wata yarinya mai lafiya, mai ƙarfin hannu.

Tulu arba'in aka dawo da su. Shida muka cika. Sauran talatin da huɗu Baba bai bari sun yi asara ba. Ya loda su a amalanke ya aika kasuwar Talata ta ƙauye, inda ba a manna wa kaya takarda. Rabin kuɗi aka sayar, kafin azahar sun ƙare. Mata ne suka saye, don lokacin lemo ya kusa.